Karen Da Ba Na Iya Kiran Sunansa

“Ki fahimce ni, Dakta, ni ba ni da matsala da 'yarki. Karen ne matsalar. Ƙa'idar gidajen nan ce, ba a ajiye dabba, kuma ke da kanki kika sa hannu.”

Ummi, assalamu alaikum. Kin ga na bar Misis Kolbi ta riga ni magana a cikin wasiƙata tun kafin in gaishe ki. Ki yi haƙuri, da ma can haka ta saba. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina fata kina lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma ɗazu na ji ki kina faɗa da akwatin da ya ƙi rufuwa. Allah Ya sa tafiyar nan ta zame miki alheri, Ya tsare ki a hanya da inda za ki sauka, ke da mai ja miki gaba.

Na zaɓi rubutu ne saboda in na yi miki magana da Hausa sai ki amsa da Turanci, ki ci ni da gardama kafin in kai ƙarshen jimla. Wannan kuwa a faifan kwamfuta zan sa miki, injin nan naki mai magana ya karanta miki. Na san zai furta Hausata kamar Bature mai mura, amma ba ya gajiya, kuma in kin katse shi ba zai yi fushi ba, daga inda ya tsaya zai ci gaba.

Ga abin da ya sa na zauna. Shekaranjiya ina kicin na ji ki a waya da mutumin nan na Richmond mai ba da hayar gida. Gidan ya yi miki: a ƙasa yake, tashar bas a bakin ƙofa, ofishin da za ki fara aiki kuma tafiyar ƙafa ne. Kuna ta dariya har kika ambaci kare. Ban ji muryarsa ba, taki na ji ta yi ƙasa. Washegari ya ce an riga an ba wani. Babanki ya sa abokinsa da ke can ya buga, aka ce masa gida yana nan, ya zo ya gani ko yau. Da aka faɗa miki sai kika ce, “Mama, na gaji. Zan ɗauki na bayan garin kawai.” Na bayan garin, wanda ke da bakinki kika ce sai an hau bas biyu, kuma titinsa ba shi da gefen masu tafiya a ƙasa. Ba zan ce miki kada ki gaji ba. Zan dai tuna miki yadda muka yi a nan, ta gefen da ni na tsaya, domin kurakuraina suna da amfani guda: an riga an biya kuɗinsu, ke sai dai ki ɗauka.

Hasken idonki ya soma janyewa tun kina sakandare, a hankali, kamar baƙon da ba ya so a raka shi. Da kika shiga jami'a, a farkon shekarun casa'in ɗin nan, kika nemi kare ɗan jagora daga wata makarantar horar da karnuka a arewacin ƙasar nan, kika je kika yi horo da shi kika dawo. Muna zaune a gidajen hayar nan na kusa da Sedgefield, inda muke har yau. Bai daɗe a gidan ba Misis Kolbi, manajar gidajen, ta tare ni a wurin ajiye motoci ta faɗa mini maganar da na buɗe da ita. Tana murmushi tana Dakta, Dakta. Turawan kudancin ƙasar nan in za su hana ka abu da zuma suke haɗa maka.

Me na ce mata? Na ce na gode, na fahimta. Abin da ke ƙasan zuciyata kuwa, wanda kika gane daga takun ƙafata tun kafin in buɗe baki, daɗi ne. Ban so karen ba. Na tashi a gidan da kare iyakarsa ƙofar gida, ba kan kafet ɗin da nake shimfiɗa darduma ba. Ina ta neman yadda zan ce a'a ba tare da na zama uwar da ta hana makauniyar 'yarta ido ba, sai ga Baturiya ta zo ta ɗauke mini nauyin, kyauta.

Kamar karen bai isa ba, sai kuma sunansa. Ranar da kika dawo, kina saukowa daga mota kika ce, “Mama, ga Sani.” A shaida, hannuna ne ya rubuta, ba bakina ne ya faɗa ba. Makarantar ce ta raɗa masa, wai da Turancinsu ɗan yaro yake nufi. A kunnena kuwa sunan kakanki ne na wajen uba, surukina, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka kai ni gidansu. Babanki ya yi dariya har sai da ya zauna a kan matakala. Na tambaya ko za a iya canzawa, kika ce da sunan aka hore shi. Shi ya sa na koma ce masa Maisuna, kamar jikan da ya ci sunan kaka. Alhaji kakan naki dai har yau bai ji labari ba, kuma ba daga bakina zai ji ba.

Sai na samo mafita irin ta masu digiri, wato wadda ta gamsar da kowa ban da wanda abin ya shafa. Linda, abokiyar aikina, tana da gida a Pleasant Garden mai fili kamar gona. Na kai Maisuna can, wai kafin a ga yadda za a yi. Ke kuma kika koma sanda. Kullum ki hau bas zuwa babbar tasha a cikin gari, ki nemi wani bas ɗin a tsakiyar ƙarar injuna, inda kunne ba ya taimakon kowa. Wata rana kika dawo da goshi a kumbure. Wani ya faka babbar mota a kan hanyar masu ƙafa, kika yi karo da madubinta, domin sanda ƙasa take gani, ba ta san abin da ke daidai fuska ba. Ina sa miki ƙanƙara kika ce, “Da yana nan da ya kauce da ni.”  A makon kuma makarantar ta bugo ta ce karen da ba ya aiki horonsa lalacewa yake, in ba za a yi amfani da shi ba za su karɓe shi su ba wani da ke jira.

To ki ji, Ummi. In aka hana ki abin da yake naki sai kika ji wani sanyi a rai, ki tsaya ki binciki sanyin nan, ki ɗaga rigarsa ki ga ko wane ne. Nawa ƙyama ce ta sa rigar bin ƙa'ida. Naki na yanzu gajiya ce ta sa rigar haƙuri. Masu hana mutane gida sun san da irin wannan sanyin, da shi ma suke kasuwanci. Ba sa buƙatar su kore ki, ya ishe su ki kori kanki.

Da na ga za a karɓe karen sai na tashi yin gyara, na sake tafka wani kuskuren, wannan karon da kwalliya. Kin samo takardar bayanin doka daga ofishin ɗalibai masu nakasa na jami'arku, kika ba ni in karanta miki. Akwai wasu kalmomi biyu na Turanci da suke ta maimaituwa a ciki, ma'anarsu sassaucin da ya wajaba mai gida ya yi a ƙa'idarsa in mai nakasa yana buƙata. Ni da na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ma'ana ke ƙetarawa daga harshe zuwa harshe, a kaina na fassara su da kalma ɗaya: alfarma. Daga nan komai ya karkace. Domin alfarma tana da nata ladabin. Ana zuwa nemanta da sunkuyar da kai da ɗan wani abu a hannu, a fara da tambayar iyali. In an ba ka, ka gode har jikoki. In an hana ka, ka ce ba komai, Allah bai nufa ba.

Na ɓata Asabar guda ina dakan dambun nama, na zuba a kwano mai murfi, na ɗaura atamfata mai kyau, na nufi ofis. Misis Kolbi ta ɗanɗana ta zare ido.

“Kai, wannan ai auduga ce mai yaji! Yaya ake yi?”

Na yi mata bayani. Muka yi hirar mahaifiyarta mai ciwon gwiwa. Can ta rage murya kamar za ta ba ni sirrin gwamnati.

“Kin san me, Dakta? Saboda ke ce. Zan roƙi masu gidajen su bar shi, in za ku ajiye kuɗin jingina na dabba. Sannan a riƙa fita da shi ta ƙofar baya, kada maƙwabta su ga an fara.”

Na yi godiya har da dafa ƙirji. Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta sasanta yaƙi. Kika saurare ni har na gama, sannan kika yi magana da Hausa, abin da ya sa na san ranki ya ɓaci sosai.

“Mama, ke nawa kike ajiyewa don ki shigo da tabaraunki? Ta ƙofar baya kike bi da shi?”

Na cire tabaraun na dube shi kamar ranar na fara ganinsa.

A gida mun saba ganin makaho yana roƙo yana sa albarka, har harshenmu ya ɗauka duk abin da ya samu kyauta ce. Na tsallako teku da wannan nahawun a kaina ban sani ba. Kalmar da ta dace ita ce haƙƙi, kuma haƙƙi ba a kai masa dambu. Mai alfarma yana iya janye ta ranar da ya tashi da ciwon kai, ko ranar da aka canza manaja, kuma kullum da sharaɗi take zuwa, sharaɗin da aka yi shi don ki riƙa tuna matsayinki. Ki gaishe da mutane, ki yi musu fara'a, wannan tarbiyya ce ba zan ce ki zubar ba. Amma kada ki gode wa mutum don ya bi doka. Ba a yi wa direba tukuici don ya tsaya a jar danja.

Ranar na tuƙa mota zuwa Pleasant Garden na ɗauko Maisuna, yana zaune a kujerar baya yana hura mini numfashi a wuya, ina ta a'uziyya a zuci. Muka shigo da shi ta ƙofar gaba. Ba a daɗe ba aka liƙa mana takardar tashi. Mu kuma muka yanke shawarar kai ƙara.

Tunda injin ba ya gajiya, bari in maimaita miki abin da kika fi ni sani, domin gajiya tana kawo mantuwa. Dokar gidaje ta tarayya, tun gyaran da aka yi mata a ƙarshen shekarun tamanin, ta hana a ƙi ba mutum haya saboda nakasa. Ta hana a ce masa an ba wani gidan alhali yana nan, wanda shi ne ainihin abin da mutumin Richmond ya yi miki. Ƙa'idar hana dabba ba ta hau kan kare ɗan jagora ba, domin ba na sha'awa ba ne, kuma ba a karɓar jingina a kansa. In ya yi ɓarna dai ke za ki biya, wannan adalci ne. Ba hurumin mai gida ba ne ya zauna yana tambayar me ya sami idonki, ko gado ne, ko za ki iya kunna murhu. In kina so a ƙara wani abu a gidan don sauƙinki, da kuɗinki za a yi, amma ba zai hana ba. In kin kai ƙara, ba shi da ikon ramawa. Dokar tana da ramukanta, ba zan ɓoye miki ba: ƙaramin gida da mai shi ke zaune a ciki yana iya zamewa. Amma kin ce na Richmond babban rukuni ne, saboda haka babu inda zai ɓuya. Akwai wa'adin kai ƙara, shekara guda, kada ki zauna jiran zuciya ta huce. Ki sa abokin babanki ya rubuta abin da aka ce masa tun bai manta ba. Ke ma ki yi buƙatarki a rubuce, gajeriya, ba tare da don Allah sau uku ba.

Akwai kuma mutanenmu. Kin tuna Hajiya Zinatu, mutuniyar Maraɗi mai sirka Hausa da Faransanci, ranar da ta zo gaisuwa ta toge a bakin ƙofa?

“Bon, Dakta, har nan boko ya kai ki? Kare a falo! To ni a ina zan yi la'asar, a kan mota?”

“Hajiya, ga ɗakina can, ba ya shiga.”

“Mala'iku fa? Su ma ɗakinki za ki nuna musu?”

“Hajiya, malamanmu sun halatta na farauta da na gadi da na kiwo. Mai tsaron tumaki ya halatta, mai tsare mini 'ya daga tirela ne zai haramta?”

“Ke dai bakinki ya fi alƙalaminki kaifi. Kuma na ji wai ƙara za ku kai. A ƙasar mutane? Baƙo raɓa ne, Dakta. Ku kuna da takardu masu kyau, wasunmu fa? In aka sa wa masu irin sunanmu ido, wa zai ba mu haya?”

A nan na yi mata dariya, na ce tsoro ne ke magana. Ta miƙo mini kilishin da ta kawo ta juya. Na ci gardama, na rasa ƙawa kusan shekara guda. Maganarta ta farko tana da amsa, ta biyun kuwa ba abin dariya ba ce, domin tsoronta na gaskiya ne, ta ga abin da ni ban gani ba. A Richmond ma za ki sami masu gaya miki haka, a masallaci ko a gidan suna: baƙo ba ya kai ƙara, a bar wa Allah. Kada ki raina su kamar yadda na yi. Ki ce, “To Anti, na ji, na gode.” Sannan ki je ki yi abin da za ki yi. Duk mai gidan da ya koyi cewa doka tana da haƙori, na bayanki ne zai huta, har da 'ya'yan masu tsoron. Hajiya dai ta dawo daga baya. Yanzu a kicin take zama, ƙafafunta a naɗe kan kujera, tana ce wa Maisuna Mushe, wai da Faransanci girmamawa ce. Ban tambaye ta da Hausa ba.

Kin san yadda ƙarar ta ƙare. Aka janye takardar tashi, babu jingina, babu ƙofar baya. Maisuna ya yi shekarunsa a gidan nan bai taɓa cin ko takalmi ba. Misis Kolbi har yau tana gaishe ni tana tambayar yaushe zan sake yin auduga mai yaji, ni kuma ina ce mata nama ya yi tsada. Amma ba ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai ba, farkon ne.

Mun je ofishin da ke karɓar irin wannan ƙara a cikin gari, can sama a wani bene kusa da kotu. Jami'ar, wata baƙar fata mai furfura a gaban goshi, ta zaunar da mu ta juya gare ki ta ce ki faɗa mata abin da ya faru. Sai na fara bayani. Ta bar ni na gama, ta sake juyawa gare ki ta tambayi yadda kike zuwa makaranta ba tare da karen ba. Na sake amsawa, da Turancina mai kyau na aji, ina cewa ita kan yi kaza, ita ba ta iya kaza, kina zaune a gefena kamar jakar da na ajiye. Abin da nake jin haushin likitoci da masu kanti suna yi miki, su tambaye ni me take so, shi na zauna ina yi, kuma na fi su iyawa. Matar ta ajiye biro. Kika nemi ta ba mu minti ɗaya, kika juyo da fuskarki daidai tawa.

“Mama, gidan da sunanki aka kama, amma idon nawa ne. Ki je ki sha shayi.”

“In ta tambayi abin da ba ki sani ba fa?”

“Sai in ce ban sani ba.”

“Takardun fa, wa zai karanta miki?”

“Aikinta ne. Mama, ki je.”

Shi ya sa ba zan bi ki Richmond ba, ko da kin ce in zo. Ba zan buga wa mutumin nan waya ba, ko da yake na riga na haddace abin da zan gaya masa, kuma wallahi yana da daɗi. Ke za ki buga masa. Ki ce masa kin san gidan yana nan, kina so, kuma karenki zai shigo ta inda za ki shigo. In ya yi gardama, kin san irin benen da ake hawa, a can ma akwai shi. Na bayan garin nan ki bar wa mai mota.

Allah Ya ba ki gida mai albarka da maƙwabta nagari. Ya tsare ki daga tuntuɓe da mugun direba da mai murmushin ƙarya. Ya ƙara wa Maisuna lafiya, ban taɓa zaton zan yi wa kare addu'a a rubuce ba. Babanki yana gaishe ki, ya ce a gaya miki akwatin ba zai rufu ba sai kin cire tukunyar da na cusa a ƙasa.

Ranar dai, a ofishin kai ƙarar nan, na tashi na ɗauki jakata. Na tsaya a bakin ƙofa ina gyara mayafin da ba ya buƙatar gyara, ko za ki canza ra'ayi. Sai na ji kin soma da sunanki na yanka, muryarki a miƙe: “Sunana Nafisa, ni ce mai ƙarar.” Jami'ar ta taso ta yi mini murmushi, ta tura ƙofar a hankali har ta rufe. Na sauka na bi titin Elm, ban waiwaya ba.

Wassalam,
Mamanki